Yadda Ake Kiwon Gizo-gizon Tarantula a Gida

Tarantula ɗaya ce daga cikin dangogin gizo-gizo da masana suka haɗa a rukunin da suke kira migalomof, rukunin da ya ƙunshi har da masu haƙa rami su yi masa murfi, da kuma masu saƙa mai siffar mazurari da ake samu a Ostireliya. Abin da ya bambanta su da gizo-gizon da aka saba gani a kusurwar ɗaki shi ne fiƙoƙinsu biyu suna kallon ƙasa a jere, suna sara daga sama zuwa ƙasa, sannan suna da huhu huɗu a ƙarƙashin ciki, kuma rayuwarsu a hankali take tafiya. Macen wasu nau'o'in tana haura shekara 20 a hannun mai kiwo. A Yammacin Ostireliya, masaniya Barbara York Main ta fara bibiyar wata mace mai rami da murfi a 1974, kuma wannan macen ta kai shekara 43 kafin ta mutu a 2016. Saboda haka duk wanda zai ɗauki irin wannan halitta ya san cewa amana ce ta shekaru masu yawa.

Buƙatun wannan gizo-gizo kaɗan ne, amma kowacce tana son a yi ta daidai. A ganina, yawancin waɗanda ke mutuwa a hannun sababbin masu kiwo ba sakaci ne ke kashe su ba, wuce gona da iri ne: yawan ɗauka a hannu, yawan jiƙa ƙasa, yawan ɗumama akwati, da cusa abinci a lokacin da ba ya so. Aikin mai kiwo shi ne ya tsara masaukin da kyau tun farko, sannan ya koyi kame hannunsa.

Mataki na farko: zaɓen nau'i

An bayyana nau'o'in tarantula fiye da 1,000, kuma masu kiwo sun raba su gida biyu. Na nahiyoyin Amurka galibi suna da sanyin hali, dafinsu ba shi da ƙarfi ga ɗan Adam, kuma makaminsu na farko shi ne wani gashi mai ƙaiƙayi da suke karkaɗowa daga cikinsu da ƙafafun baya. Na Afirka da Asiya da Ostireliya ba su da wannan gashin, don haka gudu da cizo suka dogara da su, kuma dafinsu ya fi zafi nesa ba kusa ba. Sabon mai kiwo ya tsaya kan na Amurka masu zama a ƙasa. Daga cikin waɗanda suka dace akwai Tliltocatl albopilosus mai murɗaɗɗen gashi daga Amurka ta Tsakiya, da Brachypelma hamorii mai jan gwiwa daga yammacin Meziko, da Grammostola pulchripes daga Faragwai da Ajantina, da Aphonopelma chalcodes na hamadar Arizona. Duka waɗannan suna jure ƙananan kurakurai, ba su da saurin da zai firgita mutum, kuma sukan zauna a fili inda za a iya kallonsu.

A guji Pterinochilus murinus na Afirka, wanda kyawun launinsa na ruwan lemo ke jan hankalin mutane, da kuma dangin Poecilotheria na Indiya da Siri Lanka masu zama a kan itace. Cizonsu yana iya jawo murɗar tsoka mai tsanani na kwanaki. Shi kuwa Atrax robustus na yankin Sidni, ko da yake ɗan rukunin migalomof ne, ba abin kiwo ba ne ko kaɗan, domin dafinsa ya kashe mutane kafin a samar da maganinsa a 1981.

Wajen saye, a nemi wanda aka haifa a hannun masu kiwo, kada a karɓi wanda aka tono daga daji. Na daji yakan zo da ƙwayoyin cuta da tsutsotsi, ba a san shekarunsa ba, kuma tono su yana ƙarar da su a mazauninsu tunda suna daɗewa kafin su balaga. Dalilin da ya sa ke nan dangin Brachypelma ke ƙarƙashin yarjejeniyar CITES da ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, aka kuma ƙara Poecilotheria a 2019. A tambayi mai sayarwa cikakken sunan nau'in na kimiyya, domin sunayen kasuwa suna ruɗarwa, kuma a binciki dokar ƙasar da ake zaune kafin a shigo da shi. Matashi wanda faɗin ƙafafunsa ya kai santimita 5 zuwa 7 ya fi sauƙi ga mai farawa fiye da ɗan jariri, wanda ƙishirwa ke saurin kashewa. Mai lafiya cikinsa a cike yake ba a yamushe ba, yana tsaye a kan ƙafafunsa, kuma babu wani farin abu mai danƙo a bakinsa.

Mataki na biyu: akwati

A haɗa akwatin kafin gizo-gizon ya iso. Na gilashi ko na roba mai haske duk ɗaya ne, muddin murfinsa yana kamawa da kyau, domin tarantula tana da ƙarfin ɗaga murfin da aka ɗora kawai, kuma tana hawa gilashi ba tare da wahala ba. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne faɗin ƙafafu, wato daga ƙarshen ƙafar gaba zuwa ƙarshen ƙafar baya ta ɗaya ɓangaren. Tsawon akwatin ya kai wannan faɗin sau uku, faɗinsa kuma sau biyu ko fiye da haka kaɗan. Babban akwati ba alheri ba ne gare shi, domin a daji ma yawancin rayuwarsa a cikin rami da bakin rami take ƙarewa, kuma a wuri mai faɗi abincinsa yakan ɓace masa.

Abin da ya fi komai muhimmanci a nan shi ne tsayi. Tazarar da ke tsakanin saman ƙasa da murfi kada ta wuce faɗin ƙafafunsa sau ɗaya da rabi. Cikin tarantula jaka ce mai taushi mai nauyi, kuma idan ta hau bango ta faɗo daga nesa, musamman a kan dutse ko bakin kwanon ruwa, cikin yana iya fashewa, wanda sau da yawa ajali ne. Idan akwatin da aka samu dogo ne, sai a cika shi da ƙasa har tazarar ta ragu. Murfin raga na waya ma yana da haɗari, saboda ƙananan faratan da ke ƙarshen ƙafafunta suna maƙalewa a ciki, ta yi ta lilo har ƙafa ta cire ko ta faɗo. A maye gurbinsa da faifan roba da aka huhhuda. A kuma huda ramuka a gefuna biyu masu fuskantar juna domin iska ta riƙa ratsawa, kuma kowane rami ya fi ƙirjin gizo-gizon (wato ɓangaren gaba mai tauri inda ƙafafu suke) ƙanƙanta, tunda duk inda ƙirjin ya shiga sauran jiki zai bi.

Ɗaya tak ake sakawa a kowane akwati, domin suna cin junansu.

Mataki na uku: ƙasa, maɓoya da ruwa

Don shimfiɗa, ana amfani da niƙaƙƙen ɓawon kwakwa, ko ƙasar shuka wadda ba a sa mata taki ko maganin ƙwari ba, ko a gauraya su biyun. Zurfinta ya kai santimita 10 ko fiye ga babba, a kuma danna ta da hannu sosai domin idan ya haƙa rami kada ya rufta. Kada a sa tsakuwa, ko yashi zalla, ko ɓarɓashin katako mai ƙamshi irin na itatuwan fir da cedar, wanda mansa ke cutar da ƙananan halittu. Maɓoya dole ce: ɓawon itace mai lanƙwasa, ko rabin tukunyar ƙasa da aka goge kaifinta, a binne rabinta, a ɗan tona ƙarƙashinta da yatsa domin a fara masa ramin. Wanda bai samu maɓoya ba zai yi ta zagaye bango, ko ya dunƙule a kusurwa ya rufe idanunsa da gwiwoyinsa, kuma wannan zaman alamar takura ce.

Kwanon ruwa mai faɗi marar zurfi ya kasance a ciki kullum, cike da ruwa mai tsabta. Tsohuwar shawarar da ke cewa a saka soso ko auduga a ciki kuskure ce, domin tarantula tana tsoma bakinta a ruwa ta sha kai tsaye, soson kuwa matattarar ƙwayoyin cuta ne kawai. Sau da yawa za a tarar ta cika kwanon da ƙasa ko ta kife shi. Wannan ɗabi'arta ce, sai a wanke a sake cikawa.

Batun danshi ne ke ruɗa mutane da yawa. Nau'o'in da aka ambata a sama ba sa son ƙasa sharkaf. Ga na wurare masu fari, irin su Aphonopelma da Brachypelma, busasshiyar ƙasa da kwanon ruwa sun wadatar. Ga mai murɗaɗɗen gashi, a riƙa tsiyaya ɗan ruwa a kusurwa ɗaya lokaci zuwa lokaci, ta yadda ƙasan zai yi sanyi saman kuma ya bushe, ya zaɓi inda yake so da kansa. Fesa ruwa kullum ba ya ƙara komai sai fumfuna, kuma fesa shi a jikin gizo-gizon yana tayar masa da hankali, tunda gashin jikinsa yana jin ko da motsin iska. Akwati mai jiƙa wanda iska ba ta ratsa shi ya fi busasshe saurin kisa.

Zafi tsakanin digiri 21 da 27 a ma'aunin Salshiyas ya dace da yawancinsu. Ba sa buƙatar fitila, hasali ma duhu suka fi so. Kada a ajiye akwatin inda rana ke bugunsa, domin gilashi yana tara zafi cikin ɗan lokaci. Idan ɗakin yana da sanyi ƙwarai, gara a ɗumama ɗakin gaba ɗaya. Kada a taɓa shimfiɗa abin ɗumamawa a ƙarƙashin akwati, saboda tarantula idan ta ji zafi ƙasa take nutsawa don neman sanyi, sai ta tafi kai tsaye inda wutar take. A nisanta akwatin daga lasifika da duk abin da ke girgiza.

Mataki na huɗu: shigar da shi

A yi wannan aikin a ƙasa, a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga, inda babu tarkacen da zai shige. A tanadi kofin roba mai haske, da ɗan kwali, da burushi mai laushi na fenti, da dogon hantsaki. A buɗe mazubin da ya zo a ciki a cikin sabon akwatin, a zare takardar da aka naɗe shi da ita a hankali da hantsaki, a shafi ƙafafunsa na baya da burushi har ya taka da kansa. Idan ya kufce ya fito, kada a kai masa hannu. Yakan yi ɗan gudu ya tsaya, sai a kifa masa kofin, a zura kwalin ta ƙasa, a mayar da shi. Bayan haka a bar shi mako guda ba abinci ba damuwa, sai ruwa kawai. Zai iya toshe bakin maɓoyarsa da ƙasa da yanar gizo, ya ɓace na makonni, kuma ba a tono shi don a duba lafiyarsa.

Mataki na biyar: ciyarwa

Abincinsa ƙwari ne masu rai: gyare, fara, kyankyason da ake kiwo musamman don ciyar da dabbobi, da tsutsar gari. A saye su daga masu kiwonsu ko a kiwata su da kai, a riƙa ba su ganye da karas domin abin da suka ci shi ne zai amfani gizo-gizon. Kada a kamo ƙwari daga gona ko lungun gida, domin ba a san gubar da suka taka ba. Girman abincin kada ya wuce girman cikinsa. Babba yana ƙoshi da manyan gyare biyu ko uku, ko kyankyaso ɗaya, sau ɗaya a mako ko ma a mako biyu. Ƙanana suna ci sau biyu a mako, kuma jarirai suna karɓar ƙwaron da aka riga aka kashe ko guntun tsutsa. Tsutsa da kyankyaso suna nutsewa a ƙasa, don haka a murƙushe musu kai da hantsaki kafin a jefa. Ɓera ko ƙadangare ba su da wani amfani a nan, sai wari da haɗarin rauni.

Da yamma ya fi kamawa. Zai tsaya cik har ƙwaron ya taɓa zaren da ya shimfiɗa a ƙasa, sai ya fyauce shi cikin ƙiftawar ido, ya miƙe a kan ƙafafunsa yana juyawa yana saƙa 'yar tabarma ta yanar gizo a ƙarƙashinsa. Ba ya haɗiye abu mai tauri. Yana zuba ruwan narkarwa a kan abincin, ya murtsuke shi da fiƙoƙi, ya tsotse romon, aikin da kan ɗauki sa'o'i. Abin da ya rage ɗan dunƙule ne busasshe, wanda za a ɗauke da hantsaki washegari kafin ya yi fumfuna ko ya jawo ƙananan ƙwari. Duk abincin da bai ci ba cikin sa'a 24 a fitar da shi.

Cikinsa ne ma'auni. Idan ya kai girman ƙirji ko ya ɗan fi shi, lafiya lau. Idan ya yi tulu har yana jan ƙasa, a rage abinci, domin mai ƙiba ya fi saurin fashewa. Ƙin cin abinci kuwa ba abin tsoro ba ne. Dangin Grammostola sun shahara da yin watanni ba su ci komai ba, kuma muddin cikin bai yamushe ba, ruwa kuma yana nan, sai a sake gwadawa bayan mako biyu.

Mataki na shida: lokacin saɓa

Nan ne ake yawan yin asara, kuma nan ne haƙurin mai kiwo ke da amfani fiye da ko'ina. Ƙwarangwal ɗin gizo-gizo a waje yake kuma ba ya miƙewa, don haka sai ya tuɓe tsohon kafin ya girma, kamar yadda maciji ke yin saɓa. Ƙanana suna yi duk bayan 'yan makonni ko watanni, babbar mace kuwa kusan sau ɗaya a shekara, wani lokaci ma fiye da shekara. Alamun kusantowarta su ne ƙin abinci, nauyin jiki, dushewar launi, toshe bakin rami, da kuma baƙi mai sheƙi da ke bayyana a wurin da gashi ya zube a bayan ciki. Da zarar an ga haka a daina ba shi abinci, a tabbata babu wani gyare da ya ɓuya a ciki, a cika kwanon ruwa.

Idan ranar ta zo, zai saƙa shimfiɗar yana mai kauri ya kwanta a kanta rigingine, ƙafafu a sama, ba motsi. Mutane da yawa sun ɗauka mutuwa ce, suka juya shi ko suka zubar da shi, alhali yana tsakiyar aiki mafi wuya a rayuwarsa. Kada a taɓa shi, kada a juya shi, kada a fesa masa ruwa, kada ma a motsa akwatin. Bayan wani lokaci murfin ƙirjinsa zai ɓalle, ya fara turo jiki yana zare ƙafafu takwas daga tsofaffin kubensu sannu a hankali. Ƙarami yakan gama cikin ƙasa da sa'a guda, babba kuwa yana iya kwashe yini. Da wannan saɓar yake sabunta har fiƙoƙinsa da rufin huhunsa da na maƙogwaronsa, kuma ƙafar da ta cire a baya takan fito sabuwa, siririya da farko, ta cika bayan saɓa ɗaya ko biyu.

Bayan ya fito jikinsa laushi ne tiɓis, gyare guda yana iya yi masa raunin da zai kashe shi. A kalli fiƙoƙinsa: farare ne da farko, su koma ja, sannan su yi baƙi ƙirin. Sai sun yi baƙi ake ba shi abinci, wanda ga ƙarami kusan mako guda ne, ga babba kuma mako biyu. Fiƙar da ta karye saboda gaggawar ciyarwa ba ta dawowa sai saɓa ta gaba, kuma wanda ya rasa duka biyun da wuya ya iya cin abinci.

Tsohuwar fatar tana da amfani, domin da ita ake gane jinsi. A jiƙa ta da ruwa mai ɗan sabulu, a buɗe fatar cikin a hankali, a duba tsakanin fararen tabo biyu na gaba, waɗanda su ne gurbin huhu. Idan akwai wani ɗan leɓe ko 'yan jakunkuna a wurin, mace ce, idan wurin sumul yake, namiji ne. Namiji idan ya yi saɓarsa ta balaga ƙafafunsa kan yi tsawo, ƙarshen gajerun hannuwansa biyu na kusa da baki ya kumbura, kuma a nau'o'i da yawa ƙugiya takan fito a ƙafafun gaba. Daga nan zai rage ci, ya yi ta yawo yana neman mace, kuma abin da ya rage masa galibi watanni ne zuwa shekara ɗaya ko biyu. A wannan lokacin ruwa ya fi buƙata, a kuma ƙara kula da murfi.

Mataki na bakwai: kiyaye kai da kiyaye shi

Ra'ayina shi ne kada a ɗauke shi a hannu. Ba ya sabo da mutum, ba ya jin daɗin shafa, kuma faɗuwa ɗaya daga tsayin ƙugu ta isa ta kashe shi. Duk wani aiki a cikin akwati a yi shi da dogon hantsaki. Idan ya ɗaga ƙafafun gaba ya buɗe fiƙoƙi, ko ya juya baya yana karkaɗa gashi, a rufe murfi a dawo wani lokaci. Gashin yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fata, amma haɗarinsa na gaske a ido yake, inda yake nutsewa ya jawo kumburin da sai likitan ido ya duba. Kada a kusantar da fuska, a wanke hannu bayan an taɓa ƙasar akwatin, tunda gashin yana warwatse a cikinta. Idan cizo ya faru, a wanke wurin da ruwa da sabulu, a ɗora abu mai sanyi, kuma idan aka ga murɗar tsoka, ko kumburi mai yaɗuwa, ko wahalar numfashi, a tafi asibiti da sunan nau'in a rubuce.

Alamar da ta kamata ta tayar da hankali ita ce a gan shi kwance a kan cikinsa, ba rigingine ba, ƙafafunsa sun nannaɗe zuwa ƙarƙashin jiki. Gizo-gizo yana miƙe ƙafafunsa ne da matsin ruwan jikinsa, don haka idan ruwan ya yi ƙaranci ƙafafun sai su lanƙwashe. A matsar da shi a hankali har bakinsa ya taɓa ruwa a kwano marar zurfi, cikinsa kuma ya zauna a waje domin huhunsa a can yake. Idan ya ji rauni, wani ruwa mai haske yana ɗiga, a barbaɗa garin sitaci a wurin don ya toshe.

Gubar ƙwari ita ce babbar abokiyar gabarsa a cikin gida. Maganin sauro na fesawa da na hayaƙi, da maganin ƙuma da kaska da ake ɗiga wa kare ko kyanwa, duk suna iya kashe shi ko da ɗan abin da ya maƙale a yatsa ne, don haka a wanke hannu kafin a taɓa kwanon ruwansa ko abincinsa, a kuma fitar da akwatin daga gidan idan za a yi feshi. Tururuwa ma suna iya far masa, musamman bayan saɓa, kuma ragowar abinci ce ke kiransu. Ba a buƙatar sauya ƙasa gaba ɗaya sai idan fumfuna ko ƙwari sun mamaye ta, domin yanar da ya shimfiɗa da ita yake gane wurinsa, kuma kwashe ta yana mayar da shi baƙo. Wanda zai yi tafiya ta mako ɗaya ko biyu ya fitar da duk ƙwaro mai rai, ya cika kwanon ruwa, ya ƙara na biyu idan ɗakin yana da zafi, ya kuma tabbata murfin a kulle yake.